Sifikar Hagu ta Baya

"Sifiku biyar? A falon da in ka miƙe ƙafa sai ka taɓo bango?"

A tsakiyar shagon kayan sauti na faɗa masa haka, ban damu da masu kallonmu ba. Mijina ko waiwayowa bai yi ba, yana ta shafa wani kwali kamar ya ga ɗan'uwansa da ya daɗe da ɓata.

Abin da ke ƙona min rai ke nan. Watanni ke nan ina zuba ni kaɗai a gidan nan. In yi masa sannu da zuwa, shiru. In ce jikin yarinya da zafi, sai na maimaita sannan ya ce "Na'am?" Talabijin kuwa ƙure ta yake yi har maƙwabta su buga mana ƙofa. Na riga na gaya wa Yayata, muddin ya kwashe ɗan abin da muka tara ya zuba a kayan kiɗa, zan goya 'yata in taho gida. Na biyo shi ne don in gani da idona.

Mai shagon ya ji abin da ke aljihunmu, ya sosa ƙeya.

"Malam, da wannan kuɗin zaɓi biyu ne. Ko sabuwar doguwar sifikar nan da ake ajiyewa ƙasan talabijin, ko saiti na hannu mai sifiku biyar da wata babba ta ƙasa. In falon ƙarami ne, doguwar ta ishe ku."

"Ka ji ko?" na ce. "Mai sayarwa ma ya fi ka tausayinmu."

"Mai biyar ɗin nake so," in ji mijina. "So nake sautin ya zo min ta ko'ina."

"Muryata ma ta ko'ina take zuwa maka, me ka yi da ita?"

Ya koma shafa kwalinsa.

Mai shagon ya ce shi ba ya sayar da na hannu sai an gwada a gaban mai saye, kada gobe a dawo masa da rigima. Ya zaunar da mijina a kujera, ya jera sifikun kewaye da shi, biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a baya.

"Ɗaya bayan ɗaya zan kunna. Wadda ka ji, ka nuna min ita."

Ta dama ta yi ƙara, ya nuna ta. Ta tsakiya ma haka. Da ta hagu ta gaba ta ɗauka, sai na ga ya ɗan yi jim, ya sake nuna dama. Mai shagon ya dube ni, na dube shi.

Sai ta hagu ta baya. Ƙarar ruwan sama ce ke fita a hankali, tar nake jin ta duk da hayaniyar motocin titi. Mijina na zaune yana jira.

"Wannan ta mutu," ya ce. "Sai ka rage min kuɗi."

Na taka a hankali na tsaya ta hagunsa, na sunkuya daidai kunnensa na faɗi maganar da na kwana biyu ina ajiye da ita.

"Yau zan tafi gidanmu."

Ko gezau. Idonsa na kan mai shago.

Na zagayo ta dama.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka raina min hankali! Tun yaushe kunnen nan ya daina ji?"

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar maganar ta fito.

"Injin yankan ƙarfen wurin aiki ne... A hankali ya fara. In masu wurin suka sani sallamata za su yi, ku kuma me za ku ci? Na ɗauka in sauti ya kewaye ni zan riƙa ji kamar da..."

"Ni fa? Ni ma sallamarka zan yi?"

"Rabin raina, ban so ki riƙa kallona da tausayi ba."

"Sai ka gwammace in riƙa kallonka da tsana? Na yi kuka a bayanka, na kai ƙararka wurin Yaya, har na fara zargin wata ce ta ɗauke maka hankali. Ashe duk kwanakin nan..."

Kuka ya ci ƙarfina. Haushinsa nake ji, ina jin haushin kaina, kuma wallahi ban taɓa sonsa kamar a lokacin ba.

Na goge fuska na juya wurin mai shago, wanda ya duƙufa naɗe waya kamar ba ya wurin.

"Malam, ka yi haƙuri mun ɓata maka lokaci. Asibiti za mu fara zuwa. In wani abu ya ragu, doguwar za mu ɗauka."

"Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Tana nan tana jiranku."

A bakin ƙofa mijina ya riƙo gefen mayafina.

"Ɗazu na ji numfashinki a wancan kunnen. Me kika ce?"

Na fizge mayafina, har yanzu raina a ɓace yake.

"Kunnen da na gaya wa bai ji ba. Kai kuma ba za ka taɓa ji ba."

Na koma ta damansa, na kama hannunsa muka tsallaka titi.