Tarkon Baƙuwa

Ƙarfe tara na safiyar Laraba aka bugo waya caji ofis daga wani asibiti mai zaman kansa. An saci bayanan marasa lafiya, sunayen mutum ɗari uku da cututtukansu sun bazu a intanet.

Sufeto ya ɗauki hularsa. Watansa biyar da canjin aiki zuwa sashen laifukan intanet na wannan birni. Matarsa da 'ya'yansa suna can inda ya baro su, sai an gama zangon karatu. Har yau sai ya tambayi hanya sau biyu kafin ya kai ko'ina.

A ƙofar asibitin wani dattijo ya tare shi, waya a hannunsa.

"Yallaɓai, ciwon nan ko 'ya'yana ban gaya wa ba. Yau surukina ne ya karanta mini shi."

 Sufeto ya dafa kafaɗarsa kawai ya wuce.

A ofishin Darakta, wata likita mai furfura a goshi, ya tarar da shugaban sashen kwamfuta, wanda kowa ke kira Injiniya. Shekararsa goma sha tara a asibitin.

"Ai ba sai ka wahala ba, Yallaɓai," in ji Injiniya, ya miƙo takarda. "Jiya Talata, ɗaya da minti ashirin na rana, aka kwashe komai a ɗakin manyan na'urori. Da sunan Baƙuwa aka shiga."

"Wace ce Baƙuwa?"

"Ma'aikaciyarmu ta tsaron intanet," in ji Darakta. "Wata huɗu da zuwanta daga wani gari. Sunan ne ya bi ta."

"Kalmar sirri kaɗai ke buɗewa?"

"A'a. Sai an soka ɗan makulli mai kama da filashi. Kowa da nasa, kuma nata aka soka."

Sufeto ya dubi Injiniya. "Kai kana ina a lokacin?"

"Taron iyayen yara, a makarantar 'yata. Daga sha biyu har uku."

An ajiye Baƙuwa a wani ƙaramin ɗaki, an karɓe kwamfutarta, an rufe mata hanyar shiga. Ba za ta wuce shekara ashirin da bakwai ba. Ta rungume jakarta kamar mai jiran mota.

"Kina ina jiya ƙarfe ɗaya?"

"Ina cin abinci a matakalar baya."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai."

"Asibitin ba shi da wurin cin abinci ne?"

"Yana da shi. In na zauna sai hira ta tsaya, har in ji ƙarar cokalina. Sai na daina zuwa."

"Makullinki fa?"

"A durowa na bar shi. Injiniya ya ce dokar sashe ce, ba a fita da shi daga ofis."

"Akwai wanda zan kira miki? Ɗan'uwa, ƙawa?"

Ta daɗe tana tunanin wanda za ta ambata, abin ya fi kowace amsa damun Sufeto.

"Babata tana gida, tafiyar yini guda. Don Allah kar a gaya mata. Duk unguwa ta gaya wa 'yarta ce ke gadin asibiti da kwamfuta."

Ya koma wajen Injiniya da maganar durowa. Mutumin ya yi dariya har da buga tebur.

"Ni? Wace irin doka ce wannan? Yarinyar nan ƙarya a bakinta kamar ruwan famfo."

Sufeto ya zagaya matakalar baya. Wuri ne mai duhu-duhu, yana warin maganin wanke ƙasa. A hawa na biyu ya sami wata tsohuwa mai shara tana matse tsumma.

"Sannu da aiki, Inna. Kin san Baƙuwa?"

"'Yar nan mai cin burodi kamar an yi mata horo? Kullum a kan wannan matakala take. Jiya ma sai da na ce ta ɗaga ƙafa in goge."

"Ƙarfe nawa?"

"Daga ɗaya har wajen biyu saura. Ina nan ina jan ƙafa, tunda an rage mini aiki."

"Wa ya rage miki?"

"Injiniya mana. Ƙarfe ɗaya nake share ɗakin injinan nan masu sanyi. Ina zuwa da bokitina ya leƙo ya ce in bari sai gobe."

"Da idonki kika gan shi?"

"Ɗana, gwiwa ce ta lalace, idon yana nan."

Sufeto ya rubuta. Amma ya san yadda lauya zai yi wasa da shaidar tsohuwa a kotu. Yana bukatar shaidar da ba za a ce ta manta ba.

Ya koma ƙaramin ɗakin, ya ja kujera.

"Malama, ni kwas na wata shida na yi a kan aikin nan, ke kuwa sana'arki ce. Da ke ce ni, ina za ki duba?"

Karo na farko ta ɗago kai sosai.

"Tarkona. Na saka fayil ɗin ƙarya a cikin na marasa lafiya, da suna mai jan ido. Duk wanda ya buɗe shi, kwamfutarsa za ta aiko da lambarta ba tare da ya sani ba. Tun safe nake roƙo a bar ni in duba, babu wanda ya saurare ni."

"Wa ya san da tarkon?"

"Na rubuta a rahoton wata, shafi na tara. Injiniya ya sa hannu."

Sufeto ya sa aka kawo kwamfutarta, ya tsaya a kanta tana aiki.  Cikin minti uku saƙon ya fito: an buɗe fayil ɗin jiya ƙarfe biyar na yamma, a wata laftof mai lambar kayan asibitin.

A rajistar sito an rubuta cewa laftof ɗin ta lalace tun bara, an zubar. Sa hannun da ke ƙasa na Injiniya ne, irin na kan rahoton.

Sufeto ya buga waya makarantar 'yar Injiniya. Taron iyaye sai mako mai zuwa.

Ƙarfe huɗu Sajan ɗin da ke aiki da shi ya iso da takardar izinin bincike. A but ɗin motar Injiniya, ƙarƙashin safayar taya, suka sami laftof naɗe da tsohon tawul. Sufeto ya ɗora ta a teburin Darakta, ya juya lambar tana kallon Injiniya.

"Wannan ce matacciyar?"

"Gyara na kai ta."

"A ƙarƙashin taya? Ka karanta shafi na tara na rahoton da ka sa wa hannu?"

"Wane shafi?"

Sufeto ya karanta masa a hankali. Kafin ya kai ƙarshe gumi ya jiƙa wuyan rigar Injiniya. Ya lalubi kujera ya zauna.

"Kalmar sirrinta fa, ina ka samu?"

"A bayanta nake tsayawa, wai ina koya mata aiki." Ya share fuska. "Ni nake koyo, Yallaɓai. Rabin abin da take faɗa ba na ganewa. Da hannuna na ja kowace waya a ginin nan, sai na ji ana shirin ba ta sashe nata, ni in koma gyaran firinta. So nake kawai a kore ta."

"Mutum ɗari uku fa?" in ji Darakta. "Su me suka yi maka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban tuna da su ba."

Sajan ya sa masa ankwa. Ma'aikata sun cika baranda, suka dare biyu aka wuce da shi. Babu wanda ya kalli Baƙuwa da ke tsaye jikin bango. Masu kunya suka duƙufa kan wayoyinsu.

Sufeto ya tsaya kusa da ita.

"An wanke ki, Malama. Gobe ki zo ki ba da bayani a rubuce."

"Shekara nawa za a yanke masa?"

"Wannan sai kotu. Tausayinsa kike ji?"

Ta bi motar 'yan sanda da ido ta taga.

"A duk ginin nan shi kaɗai ke tambayata ya na kwana."

Sufeto ya juya hularsa a hannu. Darakta ta leƙo ta ce akwai kalmomin sirri ɗari da arba'in da za a canza kafin a tashi.

Baƙuwa ta shiga sashen, ta tura kujerar Injiniya gefe, ta jawo tata ta fara.