Jajiberin Salla a Kasuwar Agiye

"Sai yaushe ke nan, Lubabatu?"

Ilyasu ne ya tare ni a layin masu atamfa, ranar jajiberin salla, kasuwar Agiye ta cika ba masaka tsinke. Shekara biyu da kawo sadakina, ina ta ɗaga bikin saboda Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba mai kula da shi sai ni. Na ce ya ƙara haƙuri, ya ce haƙurinsa ya ƙare. Na juya mishi baya ina share ƙwalla.

Sai muka ji ƙugin mota.

Wata farar mota ce ta shigo ta bakin kasuwa a guje, tana bin mutane tana takewa. Direban ya rufe fuska da rawani. Da gangan yake yi, don na ga ya karkato kan motar wajen da mata suka fi yawa. Can na tuna Baba, na bar shi kan benci a rumfar tela, inda motar ta nufa.

"Baba..." kawai na iya faɗa.

Ilyasu bai tsaya kallona ba, ya ruga. Turereniya ta kayar da ni, ban ƙara ganinsa ba.

Da na tashi jandarmomi sun kewaye wurin, ana lulluɓe gawarwaki da zannuwan sayarwa. Na dinga leƙa ƙafafunsu, ina neman takalmin da na sani. A cikin kwata na tarar da Baba, goshinsa a fashe amma da ransa. Ya ce Ilyasu ne ya sunkuce shi ya jefa nan, motar ta sami Ilyasun shi kaɗai.

A asibitin Maraɗi aka yanke wa Ilyasu ƙafar dama. Da ya farfaɗo ya ƙi kallona, ya ce in nemi wani, ba zan iya da marasa lafiya biyu ba.

"Ai na saba, masoyina," na ce.

Baba da ke zaune kusa da gadon ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama na Ilyasu.

"Juma'a za a ɗaura, ɗana. Ko a ɗakin nan ne."