Fuskar Gazali a cikin kasko

Tani mai ƙosai ce ta fara gaya mini wannan, ita da katangarta ke haɗe da gidan Hindu a Unguwar Rogo.

Hindu tana da ɗa, Gazali, yaro mai sanyin hali. Aikinsa kwanciya rub da ciki a bayan ɗaki, yana ɗaukar hoton kurciyoyi da ƙadangaru da wayarsa. Ba ya kunna fitila, ba ya jefa tsaba. Kasko kawai ya ajiye da ruwa, sai ya jira. Kansa kuwa bai taɓa yarda an ɗauka ba. Da zazzaɓi ya tafi da shi, aka duba wayar kaf, babu shi sai a hoto guda: bushiya da ɗanta suna shan ruwa, fuskarsa kuma ta fito cikin ruwan, dishi-dishi.

Kullum magariba Hindu kan zauna ta buɗe hoton nan, ta ja shi da yatsu har fuskar ta cika wayar.

Ran nan tana cikin kallo, tsakuwa ta faɗo kan kwano. Wata ta biyo. Kaji suka yi tsit. Daga bayan ɗaki aka ji kukan jinjiri, alhali gidan babu goyo. Rahma, autarta, tana tuƙa tuwo, sai ta saki muciya ta dunƙule a ƙasa, kai cikin gwiwa. Tun daga ranar, da rana ta faɗi haka take, ba ci ba magana, tana ta zubewa.

Aka kira Malam Junaid. Ya yi karatu mai tsawo, har Rahma ta ɗago, muryar wata mace ta fito daga bakinta, a gajiye.

"Malam, bar ƙona ni. Ni ma uwa ce."

"Mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Ba ta yi komi ba. Gazali ma bai yi ba, ko inuwarshi bai taɓa ɗora muna ba in muna sha a kaskonshi. Amma ɗana na cikin hoton, shi ne ɗan bushiyar nan. Duk sa'ad da matar ga ta buɗe shi, sai a fizge mini shi daga nono. Ya rame. A goge, in tafi."

Hindu ta ƙanƙame wayar. "Baiwar Allah, hoton nan kaɗai gare ni. In rage kallo mana. Juma'a kawai."

"Naki ya riga ya tafi. Nawa yana da rai."

Hindu ta dubi wuyan Rahma, yadda ya koma kamar sillen kara. Ta buɗe hoton, ba ta ja shi ba, ta danna ta goge shi da kanta. Rahma ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ƙishirwa."

Yarinya ta warke sarai. Amma Tani ta ce Hindu na kuka, wai fuskar ta fara ɓace mata.

To ni na yi wa Hindu wankan jegon Gazali, na san shi tun yana tsumma. Da gari ya waye na ɗauki sandata na tafi gidan, na zauna kan tabarmarta ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Na ce, "Kunnenshi na hagu ya fi na dama fitowa. Mummuna ne in yana dariya, duk dasashi."

Ta share ido da bakin zane, ta matso.

"Ci gaba, Iya. Hancin fa?"