Wayar da Aka Ɗaura wa Jan Zare

Ku kashe fitilar wayar nan. Wanda bai yi bismilla ba ya yi. Kai Mudassir, janyo ƙafarka daga bakin ƙofa.

An yi wani Ɗalhatu, ma'aikacin kwamfuta a wani asibitin kuɗi. Ɗakin aikinsa can ƙarƙashin gini yake. Ba taga. Sanyi kamar cikin firij. Duk hoton da aka ɗauki marar lafiya, duk gwajin jini, duk lissafin ofis, can suke sauka, cikin wasu dogayen akwatunan ƙarfe na ajiya. In likita yana son abu, daga can ake aiko masa.

A tsakiyar ɗakin akwai na'urori biyu, suwic suke ce musu, su ke raba hanya. Wayoyi uku ne, irin na igiya, suka haɗa su. Biyu Ɗalhatu ya tufke su a cikin kwamfuta sun zama hanya ɗaya mai faɗi, kaya na rabuwa a kansu. Ta ukun kuwa an ɗaura mata jan zare. Ba a ɗora mata komai ba, amma 'yar wutarta kullum tana ƙiftawa. Tsohon da ya bar masa aikin, Malam Isiyaku, ya ce masa, "Wannan ba tamu ba ce. Kada ka haɗa ta da komai." Bai ƙara ba.

To, ɗaya daga wayoyin nan biyu ta daɗe da lalacewa. Ɗalhatu ya yi magana har ya gaji. Manaja ya ce a yi haƙuri. Manajan da ya sake wa ofishinsa labule!

Ran nan ana gab da magariba aka kawo matarsa Barira, da tsohon ciki, jini na zuba. Aka ɗauke ta hoto. Likita ya ce ba zai sa wuƙa ba sai ya ga inda mabiyiya ta kwanta. Hoto ya ƙi buɗewa a ɗakin tiyata.

Sista Rifkatu ta kira shi.

"Ɗalhatu, me kake yi a can ƙasa? Abu sai juyawa yake!"

"Ina kai."

"Matarka ce fa!"

"Na ce ina kai!"

Ya duba. Lissafin ofis ne ake kwashewa na ƙarshen yini, ya cushe wayar ɗaya da ta rage. Ya zagi manaja, ya zagi labulensa. Ya jera layi: na tiyata a gaba, na gwajin jini a tsakiya, duk sauran a can baya. Hoto ya motsa, amma kamar tafiyar hawainiya. Hanyar ta yi kaɗan.

Idonsa ya kai kan jan zaren.

Ana kiran salla a waje. Ya tsinke zaren da haƙori. Ya tufke wayar da 'yar'uwarta mai lafiya.

Na'urar sanyi ta yi shiru.

Sai warin toka. Jiƙaƙƙiyar toka, irin ta murhun da aka yi wa ruwa.

"Wa ya taɓa?"

Ya juya. Wata tsohuwa ce tsaye tsakanin akwatunan, da ƙullin kaya a ka. Ƙofar ɗakin sai da kati take buɗewa, kuma katin na wuyansa.

"Iya, ta ina kika shigo? Ba a shigowa nan."

"Na ce wa ya taɓa?"

"Ni ne. Fita, don Allah, ina da aiki."

"Aiki." Ta yi tsaki. Tsakin ya fito ta bango huɗu. "Kun zo kun dasa gini a kan turbarmu, muka yi shiru. Kun malale rijiyarmu da siminti, muka yi shiru. Isiyaku ya bar mana siririyar hanya ɗaya, kamar gashin kai, muna bi muna sunkuyawa. Ita ma ta tsone maka ido?"

A lokacin ya kalli ƙasa. Zanenta bai kai idon sawu ba. Yatsun ƙafarta bango suke kallo, dugadugan ne suke kallonsa.

Bakinsa ya kama addu'a, amma hannunsa bai bar kwamfuta ba.

"Ka ɗora mana kayanku," ta ce. "Bai ishe ka ba, ka tura mu ƙarshen layi. Ni! Bayan lissafin sabulu da omo!"

"Ban san da ku ba."

"An gaya maka."

"Ba a gaya mini dalili ba!"

"Sai an ba ka dalili kafin ka bar abin mutane?"

Wayarsa ta hannu ta sake ƙara. Sista Rifkatu. Bai ɗauka ba. Hoton ya wuce rabi.

Tsohuwar ta sauke ƙullin. Wani abu ya motsa a ciki.

"Ungozoma ce ni. 'Yata na can tana naƙuda tun hantsi. Kwance wayar nan in wuce."

"Tawa matar tana sama, tana zubar da jini."

"Ina ruwana?"

"Ni ma ina ruwana da taki?"

Ku ji fa. Ɗan'adam. Tsoro ya cika masa ciki, amma haushi ya fi tsoron yawa. Haushin manaja, haushin Isiyaku da ya tafi da rabin magana, duk ya juye a kanta.

Ta matso. Ba ta taka ba, matsowa kawai ta yi.

"To sa ni a gaba. Ƙiftawar ido ce. In na wuce, taka ta bi."

"In ƙiftawar idonku shekara ce fa?"

Ba ta amsa ba. Shirun nan shi ya yanke masa shawara.

"Wallahi ba na taɓa layin nan sai hoton ya isa. Ki yi abin da za ki yi."

"Za ka maimaita?"

"Ki jira. Kowa ma jira yake."

Wutar akwatunan duk ta koma ja. Sanyi ya shiga ƙashinsa. Yana jin numfashinta a ƙeyarsa, zafi, kamar bakin tanda. Bai waiwaya ba. Ya zuba wa allon ido, hawaye na zuba, yana cewa wuce, wuce, wuce.

Hoton ya isa.

Nan take ya warware tufkar, ya sakar mata wayarta.

"Ga hanyarki. Allah ya sauke ta lafiya."

"Yanzu?" ta ce. "Yanzu kake mini addu'a?" Ta ɗauki ƙullinta. "Ba zan taɓa matarka ba, ba ita ta yi mini ba. Kai kuwa, tunda ka iya jera layi, za ka san yadda na ƙarshe yake ji."

Na'urar sanyi ta tashi. Ba kowa.

Ya hau sama da gudu. Ya zauna a bakin tiyata har aka fito. Sista Rifkatu ta ce, "Barka! Ta tsira. Mace aka samu. Zo ka yi mata kiran salla a kunne."

Ya karɓi jaririyar. Ya kai bakinsa kunnenta. Leɓensa ya yi ta motsi, har ƙarshe.

Ba abin da ya fito.

"Ka yi mana," in ji Sista.

Ya sake. Shiru. Aka zaci kuka ne ya shaƙe shi, aka karɓe yarinyar, aka wuce da ita. Shi ma ya fita. Sista Rifkatu ta tsaya ita kaɗai tana naɗe zani.

Sai ta ji murya a bakin tiyatar, daidai inda ya tsaya. Muryar Ɗalhatu, tana rawa, a hankali: "Allahu akbar, Allahu akbar."

Haka yake har yau. Ya yi magana, sai kowa ya gama tasa, an watse, sannan tasa ta iso. 'Yarsa ta girma tana jin sunanta a ɗakin da babu kowa. An tambaye shi ko ya yi nadama. Ya motsa baki, ya tashi ya tafi. Waɗanda suka daure suka zauna sun ce can an jima suka ji: "Ko gobe."

Ku dai, in kun tarar da abu an ɗaura masa zare a wurin aiki, ku nemi wanda ya ɗaura, ku tsare shi sai ya faɗi dalili. Kuma kada magariba ta same ku a ɗakin ƙasa ku kaɗai. Mudassir, tashi ka rufe ƙofar nan. Ku raka shi.