Maƙerin Gidan Yari

"Ƙarya kake yi, Nababa!"

Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce mini ba. Ina bakin zaure riƙe da ƙwaryar furar da aka ce in kai wa baƙo, sai na ji shi yana gaya wa Baba wai Sammani ya mutu a gidan yari.

"Jumma!" Baba ya daka mini tsawa. "A gabana?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Amma a tambaye shi... ya ga gawa?"

Nababa ya sunkuyar da kai, har da share ido da bakin riga, wai shi mai tausayi.

"Ban gani ba. Amma wanda ya gaya mini ba ya ƙarya. Sai haƙuri, Jumma."

Shi ne fa ya sa aka kama Sammani!

Ni bazawara ce, shekarata uku da rasuwar mijina. Sammani masaƙi ne a ƙauyenmu, gabas da Minjibir, mutum mai sanyin magana, kuma shi nake so, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Nababa dillalin tumaki shi ma ya fito nemana, na ce masa a kai kasuwa. Da kaka rumbunsa ya kama wuta, ya rantse Sammani ne ya cinna. Dagaci ya tura maganar birni, aka tafi da Sammani a ɗaure. Wata huɗu ke nan ba labari.

Da baƙon ya tafi Baba ya kira ni.

"Ke ba yarinya ba ce, ba zan yi miki dole ba. Amma zaman jiran matacce ya ƙare. Ko da yana raye ma, ɗan kurkuku ba zai zama surukina ba. Juma'a ta sama Nababa zai aiko magabatansa."

"Baba, ka ba ni kwana bakwai in je birni. Gani ya kori ji."

"Mace a ƙofar gidan yari?"

Gwaggo Kulu, yayarsa, wadda ba ya iya ƙetare maganarta, ta ajiye mazarinta.

"Ni zan raka ta. In ya mutu ta yi kukanta ta gama. In bai mutu ba, ka san irin wanda kake shirin kawo mana gida."

Da sassafe muka kama hanya, sai la'asar muka shiga ta Ƙofar Mazugal, ƙafafuna sun kumbura. Muka sauka wurin wata ƙawar Gwaggo.

Washegari muka fara da zauren alƙali. Muhutinsa, mai rubuta masa shari'u, ya saurare mu da mutunci, ya ɗan duba takardunsa, ya girgiza kai.

"Rabon gado da rigimar gona su muke rubutawa, baiwar Allah. Wanda ya shiga kurkuku da wanda ya fita, wannan sai ƙofar Yari."

A ƙofar Yari kuwa dogarin da ke tsaro ya yi mini kallon raini.

"Sammani? Sammani nawa ne a ƙasar Kano? Ni ƙofa aka ba ni, ba sunaye ba. In kina da mutum a ciki, kawo masa tuwo kamar yadda kowa ke yi."

Na koma na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da daddawa irin yadda yake so. Na miƙa akushi na faɗi sunansa da garinsa. Can an jima akushi ya dawo tas, ko loma ba a bari ba.

Na rungume Gwaggo.

"Yana nan! Gwaggo, yana raye, ya cinye!"

Kwana uku ina kai tuwo, kwana uku akushi na dawowa a suɗe. Har waƙa nake yi a bakin murhu.

A rana ta uku wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a gefen ƙofar, Asama'u, ta yafito ni.

"'Yar nan, daga ƙauye kike ko?"

"Daga Minjibir, Inna."

"Na ga alama. Shekarata ashirin a nan ban taɓa ganin akushi ya dawo da tuwo ba. Ko sunan kakanki da ya mutu kika faɗa, masu yunwa a ciki za su amsa."

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ban damu da masu wucewa ba. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba ko a ranar da Nababa ya kawo labarin.

"Share hawayenki," in ji ta. "Je ki wurin Ɗanasabe maƙeri, bayan katangar can. Duk wanda ya shiga, shi ke buga masa marin ƙarfe a ƙafa. Duk wanda zai fita, da rai ko ba rai, shi ke cire masa. Ba a binne mutum da ƙarfe."

Muka same shi yana dukan ƙarfe, tsoho ne siriri mai furfura. Ya ajiye masaba ya saurare ni har na gama.

"Ni ban san suna ba, ɗiyata. Fuska ma ba na kallo, don kada tausayi ya hana ni aiki. Ƙafa na sani. Gaya mini ƙafarsa."

Na dubi Gwaggo. Kunya ta rufe ni. Ina ni ina siffanta ƙafar namijin da ba a ɗaura mana aure ba, a gaban yayar ubana?

"To, malama," Gwaggo ta ce tana taɓe baki, "duk zancen da kuka yi a ƙofar gida kanki a sunkuye yake. Ai ƙafar kike kallo. Yi bayani."

Na rufe fuska da mayafi.

"Masaƙi ne, Baba. Tsakanin babban yatsa da na kusa da shi akwai kanta, inda igiyar masaƙa ke ci."

"Masaƙan Minjibir duk haka suke. Ƙara."

"Ƙaramin yatsansa na hagu ba farce, fartanya ta sare shi tun yana yaro. Kuma... idon sawunsa na dama akwai tabon ƙuna, kamar ƙwayar gyaɗa."

Tsohon ya shafa furfurarsa.

"Na cire wa wannan ƙafar mari yau kwana arba'in da 'yan kai."

"Da rai?"

"Da rai mana! Har shure ni ta yi, don tana jin cakulkuli. Shaidun mai ƙara ne suka ƙi dafa Alƙur'ani, alƙali ya ce a sake shi, ba shi da laifi."

Na durƙushe a wurin ina hamdala. Sai kuma wani abu ya soke ni.

"To me ya hana shi komawa gida?"

"Wannan sai shi. Amma ƙafar da ta yi wata uku a mari ba ta nisa. Ku duba rumfunan masaƙa na bayan kasuwa."

A rumfa ta huɗu na gan shi. Ya rame, an aske kansa ƙwal, yana jefa ƙoshiyar saƙa bai ko ɗaga ido ba.

"Sallama dai, masu saƙa."

Ƙoshiyar ta faɗi.

"Jumma...?"

"Ita ce."

Ya miƙe, ya dubi Gwaggo, ya dube ni, sai ya ja da baya.

"Me ya kawo matar aure rumfar gwauraye?"

"Matar wa?"

"Ranar da aka sake ni Nababa yana bakin ƙofa. Ya ce an ɗaura muku aure, har goron biki ya ba ni. Na ci goron nan, Jumma. Ban taɓa cin abu mai ɗaci kamarsa ba."

In na ce tausayi ne ya fara zuwa mini, na yi ƙarya. Haushi ne.

"Sai ka yarda?"

"To ya zan yi? Ɗan kurkuku, ba gona, ba..."

"Ni an ce mini ka mutu, ban yarda ba! Na tako tun daga Minjibir, na ciyar da ƙartin banza kwana uku, na zubar da kunyata a maƙera. Kai an ce maka aure kawai na yi, ka kasa tako tafiyar yini guda ka tambaye ni?"

Ya durƙusa, hawaye na zuba.

"Na yi kuskure, abar raina. Tsoro na ji in zo in ga gaskiya ne."

"Tashi, mutane na kallo."

"Sai kin ce kin yafe."

"Na yafe, masoyina. Tashi mana!"

"Oho dai," in ji Gwaggo. "Ku gama, ni gwiwata ta gaji."

Kwana biyu muka yi a hanya saboda ƙafarsa. Ranar Juma'a da hantsi magabatan Nababa suka yi sallama da ƙwaryar goro, suka tarar da mamacin zaune a zauren Baba yana shan fura. Babbansu ya saki baki. Gwaggo ta zayyana komai, tun daga maganar alƙali har goron biki. Nababa dai ba a gan shi ba, aka ce ya tafi cin kasuwar Bagwai.

Baba ya dafe kai. Na san abin da ke cinsa: a zaurensa aka shirga masa ƙarya, har ya ɗaga hannu ya yi wa mai rai addu'ar mamaci.

"Sammani," ya ce daga ƙarshe, "na ce ɗan kurkuku ba zai zama surukina ba. Wanda ya kamata ya shiga ne bai shiga ba. Ka turo manyanka."

Ya juyo wajen da nake laɓe.

"Ke kuma, da na hana ki kwana bakwai ɗin nan fa?"

"Da na tafi ba izini, Baba."

Ya girgiza kai yana murmushi.

"Na sani. Shi ya sa na ba ki."