Goyon Iya Dije

Kausar na tsaye a kicin tana tsame shinkafa ta sake jin waƙar nan tana saukowa daga saman bene. Siririyar murya ce mai rawa, irin ta rarrashin jariri. Tsigar jikinta ta tashi, duk da ta san mai waƙar, kuma ta san babu jariri a gidan. Iya Dije ce, ƙanwar kakar mijinta, tsohuwar da ta haura tamanin. Tun da hankalinta ya fara gushewa take ɗaura zani a ƙirji, ta yi goyon da babu kowa a ciki, ta yini tana jijjigawa a bakin taga. Tagar kuwa ba abin da take kallo sai kangayen Tandabawi, unguwarsu ta Makka da aka rushe, gidajen tsofaffin maƙwabta babu ƙofofi, iska na shiga tana fita.

"Ta fara!" in ji Hajiya Ruƙayya daga falo. "Wannan tsohuwa da ba ta taɓa haihuwa ba, ita ce mai goyo. Tun ina yarinya take bin mu kamar inuwa, amma ba ta ƙaunata. Ko sunana ba ta taɓa kira ba, kullum sai ke, ke."

Hajiya Ruƙayya uwar mijin Kausar ce, mace mai kirki idan ta ga dama, mai kafiya ko ba ta ga dama ba. A Makka ta girma, amma al'adun iyayenta na Kano ta riƙe su gam. Muhsin shi ne ɗanta na fari kuma tilo, saboda haka kunyar ɗan fari ta hana ta furta sunansa. Yaron nan take cewa, alhali yaron nan har ya fara furfura a gemu.

Auren soyayya Kausar da Muhsin suka yi, irin wanda ƙawaye ke yi wa tsiya a kai. Cikinta na fari ya zo da zubar jini mai tsanani, jaririn bai rayu ba, likitoci suka cire mahaifar don su ceci ranta. Da dangi suka fara ƙananan maganganu, Muhsin ya ce shi Kausar ya aura, kuma ita ta ishe shi. Hajiya ta yi shiru na wasu shekaru, amma shirun Hajiya ba haƙura ba ne.

Ranar nan bayan an ci abinci, ga Mujahida yayar Kausar ta zo yini, Hajiya ta gyara zama.

"Na gama magana da yayarki da mijinta," ta ce. "Akwai ƙasashen da ake yi. A ɗauki ƙwanki da irin yaron nan a haɗa, a sa a cikin Mujahida, ta raina ta haifa muku. Ke kuma ki riƙa ɗaura matashi idan za ki shiga mutane. Lokacin haihuwa ku koma can, ku dawo da jariri a hannunki. Halas, shi ke nan! Wa zai sani?"

Kausar ta dubi yayarta. Mujahida ta yi murmushi, idonta cike da hawaye.

"Ina da uku, Kausar. Ke ba ki da ko ɗaya. Wallahi ko raina ne zan ba ki."

Kausar ta fashe da kuka. Tana son ɗa, so irin wanda ke hana ta bin layin kayan jarirai a kasuwa. A daidai lokacin waƙar saman bene ta ɗauke ɗif, kamar mai ita ta kasa kunne.

Muhsin bai ce a'a ba, bai ce to ba, ya dai ce su fara jin ta bakin Daktora Ghada, likitar da ta yi wa Kausar tiyata. Ita kuwa ba ta ɓoye musu komai ba.

"Ta fuskar likitanci abin yana yiwuwa, tunda ƙwanki yana nan lafiya," ta ce. "Za a yi miki allurai ƙwayayen su nuna, a zaro su, a haɗa da maniyyin mijinki a ɗakin gwaji. Idan ɗan tayi ya haɗu, sai a dasa shi a mahaifar da aka shirya da magani. Ba kullum yake kamawa ba, wani lokaci sai an maimaita."

"Yaron zai zama nawa?" Kausar ta tambaya da sauri.

"Kamanninsa da duk abin da ake gado naku ne ku biyu, mai ɗaukar cikin ba ta ba shi ko ɗaya. Amma da jikinta zai rayu wata tara, ita zai shura, bugun zuciyarta zai sani. Hawan jini ko tiyata, idan sun zo, ita za su samu. Sannan a nan mamnu'i ne, doka ta hana, babu asibitin da zai yi muku. Wadda ta yi naƙuda ita ake rubutawa uwa, idan tana da miji kuma shi ake jingina wa yaron. Malamanmu ma sun hana ne saboda kada nasaba ta cuɗe. Idan kun yi a waje kun dawo, ko dai ku faɗi gaskiya ku shiga matsala, ko ku yi ƙarya har ku mutu."

A mota Muhsin ya kama hannunta.

"Ya habibti, masoyiyata, ni zuciyata ba ta kwanta ba. Amma ke aka yanka, ke kika rasa. Ba zan ce miki ban damu da ɗa ba, na damu. Sai dai ina tsoron ranar da yaro zai kira Yaya Mujahida hala, wato yayar uwarsa kawai, ita kuma ta amsa."

"Mahaifiyarka Ummi fa? Za ta ce ni na hana ta jika sau biyu!"

Suka koma gida kowa da abin da ke cin sa.

Hajiya kuwa ba ta jira amsar kowa ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ta kira Mujahida, ta fito da wani ɗan matashi da ta ɗinka da hannunta, har da igiyoyi. Ta ce Kausar ta gwada a ga yadda zai zauna a ƙarƙashin abaya. Kausar ta tsaya gaban madubi, Hajiya na ɗaure mata ta baya. Ciki ya fito ɗas, kamar na wata biyar. Ta ɗora hannu a kai, ta ji sanyin auduga, sai ta tuna zanin da ke saman bene.

Nan suka ji takun ƙafa a matakala, a hankali, ana ja. Iya Dije ta daɗe rabonta da saukowa, abinci ma kai mata ake yi. Sai ga ta a bakin ƙofa da goyonta, idanunta tar, ba irin na kullum ba. Babu wanda ya gaya mata komai, amma ta wuce Kausar da matashinta ko kallo babu, ta nufi Mujahida ta dafa mata mara.

"Kar ki yarda, 'yar nan," ta ce. "Ciki ba ya mantuwa."

"Iya, koma sama ki huta," in ji Hajiya.

Tsohuwar ba ta ko waiga ba.

"Ni ma haka Yaya ta ce mini a Sudan, muna hanyar zuwa nan. Ta ce ke yarinya ce, za ki sake haifa, ba ni wannan ɗan na cikinki, mijina ya daina zancen sakina. Na ce ko raina ne zan ba ki. Ran suna na miƙa mata. Nono ya yi ta zuba, ina matsewa a bayan bukka kar a gani. Mijina ya rasu kafin mu kai teku, ban sake haihuwa ba. Da muka iso aka ce 'yar Yaya ce, na dafa Yaya na rantse ba zan faɗa ba. Ina gani ta yi rarrafe, ina gani aka kai ta ɗakin miji. Da ta yi naƙuda ina bakin ƙofa, aka ce uwa kaɗai za ta shiga."

Hajiya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ruɗewa ce kawai! To wa kika bayar, Iya? Faɗi sunanta mu ji!"

Abin mamaki, sai tsohuwar ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe baki kamar amarya.

"Ai ba a faɗa," ta ce a hankali. "Ta fari ce."

Ana jin iska na kaɗa wani kwano a kangon maƙwabta. Kausar ta juyo ta dubi Hajiya.

"Ummi... ke ma ba kya faɗin sunan naki na fari."

Hajiya Ruƙayya ta ƙura wa tsohuwar ido. Shekara sittin tana jin ke, ke, tana ɗauka ƙiyayya ce, alhali ita da kanta kullum haka take yi wa ɗanta saboda so. Ta durƙusa a gaban tsohuwar ta riƙe mata gwiwoyi.

"Inna! Inna, ni ce? Don Allah dube ni, ni ce?"

Amma hasken nan na idon Iya Dije ya riga ya koma inda ya fito. Ta dubi Hajiya kamar baƙuwa, ta kai hannu baya ta gyara goyonta.

"Ke, ba ki ga 'yata ba? Ƙarama ce, ko zama ba ta fara ba."

Kukan da Hajiya ta yi ranar, Kausar ba ta taɓa jin irinsa daga babban mutum ba. Muhsin ya shigo daga masallaci ya tarar da mata uku suna kuka, ta huɗu tana waƙa. Da Hajiya ta samu kanta ta miƙe, ita da ta ɗaure igiyoyin matashin ita ta kwance su. Ta rungume Kausar da Mujahida tare.

"Ku yafe mini, 'ya'yana. Na so in yi wa Mujahida abin da aka yi wa uwata, in yi wa jikana abin da aka yi mini."

Bayan Hajjin shekarar Muhsin da Kausar suka nemi riƙon maraya ta hanyar hukuma, aka daɗe ana bincike kafin aka ba su wani jariri mai suna Muhannad. Daktora Ghada ce ta ba su labarin da ba su taɓa ji ba, cewa macen da ba ta da mahaifa ma tana iya shayarwa idan aka taimaka mata da magani ta kuma jure. Kausar ta jure, ta sha wuya, har ta kusa fid da rai. Ranar da yaron ya kama ya ƙoshi ya yi barci a ƙirjinta, ta zama uwarsa ta shayarwa, babu ɓoyo babu ƙarya. Sunansa na asali aka bar masa, kuma sun yi alkawari zai san labarinsa da zarar ya yi wayo.

Hajiya ta kwashe kayanta ta koma saman bene kusa da mahaifiyarta, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki. Tsohuwar ba ta sake gane ta ba. Wata safiya Kausar ta hau da Muhannad, ta kwance zanin nan marar kowa, ta ɗora mata yaron a baya tana tallafe da shi. Iya Dije ta ji nauyi da ɗumi, ta daina waƙar, hawaye na bin kuncinta.

"An dawo da ita," ta ce. Tun daga ranar ba a sake jin waƙar nan mai tayar da tsigar jiki ba.

Haƙurin Kausar da Muhsin bai tashi a banza ba, Allah ya ba su ɗa ta hanyar da ba za su taɓa jin kunyar faɗa ba. Son haihuwa ba laifi ba ne, amma kowane yaro yana da haƙƙin sanin cikin da ya ɗauke shi, kuma wadda ta ɗauka tana da haƙƙin a kira ta uwa tun tana iya amsawa. Hajiya Ruƙayya har yau tana kiran Inna safe da yamma, ko Allah zai sa wata rana a amsa mata.