Gidan da Fergus Ya Zaɓa

"Ina ka ce ka kai shi?!"

Tavita ya ajiye ƙunshin kifi da dankalin da ya shigo da shi, ya ɗaga hannu biyu.

"Tamsin, saurare ni tukuna..."

"Ka ɗauki yayana ka kai shi duba gidan kulawa ban sani ba? Kai da ka san abin da ya faru?"

Ya sani kuwa. Yayana Fergus da lalura aka haife shi, komai sai a hankali yake koya. Bayan rasuwar mahaifiyarmu na sa shi a wani gidan kulawa a gefen garin Ballarat. Wata Lahadi na je ziyara, ina rungume shi ya ƙwalla ƙara. Na ɗaga rigarsa, sai ga ƙunar ruwan wanka a gadon bayansa, har ta fara ruɓewa. Ba wanda ya kai shi asibiti, ba wanda ya kira ni. Ranar na kwaso kayansa, na kai ƙara, na rantse ba zai sake kwana a hannun baƙo ba.

Tun daga nan nake ta ɗaga ranar aurena da Tavita. Bai taɓa ƙorafi ba.

"Damunka ya fara yi ko? Ka gaji da shi?"

Fuskarsa ta canza kamar na mare shi.

"Haba masoyiyata! Ki ce mu zauna da shi har tsufanmu, na yarda yanzu. Amma kin taɓa tambayarsa abin da yake so?"

"Ni na ce ya kai ni."

Muka juya. Fergus ne a bakin ƙofa, sanye da hular ƙungiyar ƙwallonsa.

"Gus..."

"Ina son abokai, Tam. Ke kullum kina yanka mini nama kamar jariri. Kuma na girme ki!"



Washegari na tafi gidan da suka duba ni kaɗai, ban sanar da kowa ba, don in kama su yadda suke. Wata mata mai furfura ta buɗe, ta ce sunanta Marnie, ita ce shugabar ma'aikata.

"Ke ce ƙanwar Fergus? Tsaya in tambayi masu gidan." Ta leƙa ciki. "Clive! Baƙuwa ce, ta shigo?"

"In ta goge ƙafa!" wata murya ta amsa.

Ban ko zauna ba na wuce banɗaki, na buɗe famfon ruwan zafi har ƙarshe, na tara hannuna. Na jira... Ɗumi ne kawai.

"Ba ya wuce haka," in ji Marnie daga bayana. "Fergus ya ba ni labarin bayansa. Buɗe duk inda kike so, ban da ɗakunansu. Waɗannan ni ma sai na ƙwanƙwasa."

Na yarda ya gwada. Ranar da muka kai shi, ko waiwayo bai yi ba, Clive, ɗaya daga cikin mazauna gidan, ya ja shi kallon talabijin.

Ba a rufa wata ba, ina shagon furannin da nake aiki, wayata ta yi ƙara.

"Tamsin, Marnie ce. Fergus ya yanke yatsa yana yanka albasa. Yana lafiya, muna asibiti, ana yi masa ɗinki."

Tavita na kira, na ma kasa haɗa magana.

"Tsaya nan, zuciyata, kada ki tuƙa mota. Ga ni nan!"

Mun tarar da Fergus zaune a bakin gado yana shan lemo, ya ɗaga yatsan da aka naɗe kamar kofin gasa.

"Kin gani? Ban yi kuka ba. Ke kika yi!"

"Tashi mu tafi gida," na ce.

"Ai gida zan tafi. Clive na jiran miya."

Marnie ta matso, ta dube ni ido cikin ido.

"Kuskurenmu ne. Ma'aikacin da ke tare da shi ya juya ɗaukar waya. Na sanar da hukuma, kuma daga yau duk mai girki da wuƙa a kusa, ba waya a hannunsa. In kina son kai ƙara, zan nuna miki inda za ki."

"Sai ku hana shi taɓa wuƙa!"

"Wannan shi za mu tambaya."

"Zan yanka albasa," in ji Fergus. "A hankali."

Fergus ya koma da Marnie. A mota na kifa kaina na fashe da kuka. Tavita ya riƙe hannuna.

"Sun kira ni..." na ce da ƙyar. "Tavita, da kansu suka kira ni!"

"Na gani, rabin raina."

Wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjina, har numfashi na ji yana shiga daban. Na share hawaye na dube shi.

"Ka yafe mini abin da na faɗa ranar nan."

"Wane? Suna da yawa fa."

Na kai masa duka a kafaɗa, ina dariya ina kuka.

"Kira mamarka. Ka ce mata ta sa rana, ba zan sake ɗagawa ba."

Sai da ya kashe motar ya dube ni da kyau.

"Da gaske?"

"Da gaske, angona."

Ranar auren, Fergus ne ya riƙe hannuna ya kai ni gaban coci, yana ɗaga wa kowa hannu a hanya. Wajen liyafa, gwaggonnin Tavita da suka zo daga Samoa suka sa shi a tsakiya, ya yi rawa har ya jiƙe. Can sai na hango shi yana saka rigar sanyi, Marnie na jiransa a ƙofa.

Na tattare rigar amarcina na bi shi.

"Gus! Ina zuwa? Ba a ma yanka kek ba!"

"Ana ƙwallo yau. Clive ba ya jin daɗin kallo shi kaɗai." Ya sumbace ni a goshi. "Ku kawo mini nawa ranar Lahadi. Amma ki kira tukuna, Tam... wataƙila na fita."